Shekarun Baffa a Gidan Ƙanƙara

Babana da yayansa uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ba ƙasa ɗaya ba. Iyayensu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka yi shekaru a Sudan suna aikin gona don su tara kuɗin jirgi. A can aka haifi Baffa, a wani ƙauye wajen Gadarif. Bai daɗe da fara tafiya ba suka tsallako teku, kakata da tsohon ciki, suna sauka Jidda ta haifi Baba. Da suka girma Baba ya nemi takardar ɗan ƙasa ya samu, tunda a nan aka yanke masa cibiya. Baffa kuwa ya ci gaba da zama da iƙama, takardar zaman baƙo, wadda ake sabuntawa ta hannun kafili, wato wanda mutum yake yi wa aiki.

Muna yara ba mu san da wannan bambanci ba. Gida ɗaya muke a unguwar Karantina, tukunya ɗaya. Matar Baffa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya mace, sa'ata, Ummata ta haɗa mu ta raina. Ni sunan kakata aka sa mini, don haka Baba da Baffa ba mai kiran sunana, Uwata suke ce mini. Baffa kuma bai taɓa kiran Baba da wani abu ba sai "yaro", har Baba ya yi furfura.

Su biyun a gidan ƙanƙara suke aiki, can kusa da kasuwar kifi. Baffa ne ya fara shiga, shi ya kai ƙanensa. Manyan bulo na ƙanƙara ake yi wa masunta da masu sayar da kifi, a ja su da ƙugiya, a ɗora a mota. Garin yana tafasa, su suna cikin rigar sanyi da takalman roba. Idan sun dawo Baffa yakan lallaɓo ya ɗora mana hannu a ƙeya, mu yi ihu mu gudu, don hannun nan kamar ba na mai rai ba. Da azumi yakan kawo ɓaraguzan ƙanƙara a buhu, mu zagaya da kwano muna rabawa maƙwabta kafin a sha ruwa.

Ban manta ranar da na fara jin kalmar ta'minat ba. Baffa ya shigo da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sabuwa a kwali, shi da wasu mutum biyu suna nishi. Aka fasa bangon ɗakin kakata aka kafa ta. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Wani dattijo ya ce, "Kai kuwa ina ka samo wannan?"

Baffa ya yi dariya ya ce, "Kuɗin tsufana ne aka dawo mini da su. Sun ce ba sa riƙe wa baƙo ajiya."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, ban san me nake yi wa dariya ba. Baba ne kaɗai ya shige ɗaki. Sai da na girma na fara aiki na gane. Ta'minat asusu ne da ake yankar wani abu daga albashin ma'aikaci kowane wata, mai aiki ya ƙara nasa, idan mutum ya cika shekarun da doka ta ce kuma ya tsufa, a riƙa ba shi fansho har ya mutu. A farko ana yankar na Baffa kamar na kowa. Daga baya tsari ya canza, aka fitar da baƙi daga ɓangaren tsufa, aka mayar musu da abin da aka yanka. Abin da ya rage musu shi ne na rauni a wurin aiki. Na Baba kuwa ya ci gaba da taruwa. Duk wannan lokaci ƙugiya iri ɗaya suke riƙewa, mota ɗaya suke lodi.

Baffa ya mai da abin barkwanci. Yakan ɗaga hannayensa ya ce, "In ƙanƙara ta cinye mini ɗaya za su biya ni. In na tsufa da biyun, ba su san ni ba." Mutane su yi ta dariya. Ban taɓa ganin Baba ya yi ba.

Baba ya cika sittin kafin in farga cewa iyayenmu sun tsufa. Aka yi masa walima a harabar gidan ƙanƙara, shinkafa da rago a manyan faranti. Baffa ne ya yi ta kai da kawo yana zuba wa mutane ruwa a hannu. Da aka watse ya mayar da rigar sanyinsa ya koma ciki, don bai tashi aiki ba tukuna.

Ni na raka Baba ofis ya kammala takardun fansho, saboda idonsa ya fara rauni. Wani matashi mai ladabi ya karɓe mu, yana ce masa "ya ammi" don girmamawa. Ya duba shekarun Baba a kwamfuta ya ce sun cika har sun yi rara, masha Allah. Ya tambayi waɗanda suke ƙarƙashinsa, Baba ya ambaci Umma da ƙannena. Sai ya gyara zama ya ce, "Ina da yaya."

Matashin ya ce, "Na'am?"

"Ya riga ni shiga aikin. Shi ya koya mini. Ka ce nawa sun yi rara. Ba za a iya mayar da rarar a kansa ba?"

Matashin ya dube ni, ya dubi Baba. Ya tambaya ko yayan ɗan ƙasa ne. Baba ya ce a'a, amma yana goye aka shigo da shi. Matashin ya ce a hankali, wallahi ba a hannunsa yake ba, shekarun kowa nasa ne, ba sa tashi daga kan wani su koma kan wani. Ya miƙe da kansa ya kawo wa Baba ruwa. Baba ya riƙe kofin har muka fito bai sha ba.

Daga ranar Baba ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya ba shi. Mun riga mun koma wani gida a bayan layi, Baffa ya zauna a tsohon gidan shi kaɗai, tunda kakata ta rasu 'yarsa kuma ta yi aure. Kullum bayan asuba Baba zai tayar da tsohuwar motarsa, ya tsaya a ƙofar Baffa, ya danna oda sau biyu. Baffa ya fito da tawul a wuya yana cewa, "Yaro, kai da aka ce ka huta?" Baba ya ce, "Yalla, Yaya, shigo." Ni ma a nan nake samun hanyar zuwa asibitin da nake aiki a teburin karɓar marasa lafiya. Daga gida a gaba nake zama, in mun iso ƙofar Baffa in fita in koma baya. Mu tsaya mu sayi ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, su ci a mota suna gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. A farkon wata, idan saƙon fansho ya shigo wayar Baba ta yi ƙara, Baffa yakan ce, "An tuna da kai." Baba ya kife wayar.

Haka aka yi shekaru. Gwiwoyin Baffa suka fara kumbura, sanyi ya shiga ƙashinsa, sai ya dafa ƙofa yake iya fita daga mota. Sannan mai gidan ƙanƙara ya rasu, 'ya'yansa suka sayar. Sababbin masu wurin suka kawo injuna, suka kira Baffa suka yi masa godiya, suka ba shi haƙƙinsa na ƙarshen aiki, suka ce ba za su sabunta masa iƙama ba. Ba su yi masa wulaƙanci ba. Sun ma ba shi agogo.

Baba ya yi ta yawo yana neman wanda zai karɓi kafalar tsoho, bai samu ba. Wata Juma'a bayan an ci abinci, gida cike da surukai da jikoki, sai ya ce ya samo dabara. Shi ɗan ƙasa ne, yana da ikon ɗaukar direba. Zai gwada ko za a yarda a mayar da Baffa kan sunansa.

"A takarda ne kawai, Yaya. Ba abin da za ka yi. Ka zauna a ɗakinka."

Baffa yana zuba shayi. Ya gama zubawa, ya ajiye butar, ya ce, "Me za a rubuta?"

"Direba."

"Direban wa?"

Baba ya kawar da kai.

Baffa ya ce, "Ni na koya maka ɗaura zariyar wando. Ni na kai ka gaban mai gidan ƙanƙara na ce ga ƙanena. Yanzu in na yi laifi kai za a kira a ce yaronka ya yi laifi? In zan fita gari sai da izininka?"

Umma ta ce, "Haba Yaya, ai ba haka yake nufi ba."

Ya ce, "Na san abin da yake nufi, Allah ya yi masa albarka. Halas, magana ta ƙare. Zan je in ga inda aka haife ni."

Mun ɗauka fushi ne, zai wuce. 'Yarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ita ma da iƙama take zaune, a ƙarƙashin mijinta, ba ta da ikon riƙe uba. Baffa bai ƙara ɗaga murya ba, bai kuma canza magana ba. Ya raba kayansa, ya ba Baba makullin gida ya ce a riƙa buɗe tagogi saboda raɓa. Ya ƙi jirgin sama, ya ce ta ruwa ya zo. Muka raka shi tashar jirgin ruwa mai zuwa Sawakin ta Sudan. A bakin ƙofa ya kama kan Baba da hannu biyu kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Ka ci kuɗinka, halaliyarka ce. Ka ji?" Ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, ki kula da ɗanki." Ya bi layi yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Ya sauka wurin wasu dangin kakanmu da bai taɓa gani ba. Suka ba shi ɗaki. Yana kira ranar Juma'a. Ya ce mutanen kirki ne, Hausarsu ta fi tamu tsabta, su kuma suna yi wa Larabcinsa dariya, suna ce masa ɗan Jidda. Ya ce an nuna masa wani fili an ce nan bukkar iyayensa take, ya tsaya ya duba, bai ji komai ba. Bayan haka tambayoyinsa duk na Karantina ne. Ƙofar gida tana ƙara har yanzu? Mai tamis na kwana ya warke? Wa ya mutu, wa ya haihu?

Sai rusau ya zo. Aka bi gidaje ana shafa jan fenti, aka yanke wuta, mutane suka yi ta lodin katifu a kan motoci. Unguwar da na tashi a ciki ta tafi layi bayan layi. Muka koma wani bene a unguwar Waziriyya. Baba ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya wa Baffa. Idan ya kira ya tambayi ƙofa, Baba ya ce ya sa mata mai. Ya tambayi maƙwabta, Baba ya ce suna gaishe shi. Wata Juma'a suna cikin magana aka kira la'asar a masallacin da ke ƙarƙashin tagarmu. Wayar tana a buɗe, duk muna ji. Baffa ya saurara har ladan ya kai rabi.

Ya ce, "Wannan ba muryar ladaninmu ba ce."

Baba ya ce, "Ba shi da lafiya. Wani ne yake kira."

Baffa ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya." Daga ranar bai sake tambayar gida ba. Sai ya tambayi jikoki, ya tambayi zafi, ya yi sallama.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan waya ta fara wuya, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Baba yana aika masa da abin da ya sawwaƙa ta hannun wani ɗan kasuwa a Ammariyya, wanda yake da mutane a can. Farkon kowane wata zai je ya ba da, ya tambaya ko akwai labari, a ce babu. Muka yi azumi, muka yi salla, a kowace addu'a ana roƙa wa Baffa lafiya. Wata rana da hantsi ɗan kasuwar ya zo gida da kansa, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ya ce saƙo ya iso shi jiya. Baffa ya rasu tun kafin azumi. Zazzaɓi ne, ba harsashi ba, kuma babu magani a garin. Waɗanda suka binne shi sun gudu daga baya, ba a san inda suka nufa ba. Ya ajiye ambulan a gaban Baba, aiken da bai isa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne azumin nan. Wata guda muna ambaton mutum muna cewa ko da me ya sha ruwa yau, alhali yana ƙasa.

Aka yi zaman makoki aka watse. Bayan 'yan makonni Umma ta kira ni gefe ta ce Baba yana fita bayan asuba da mota, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga, kuma ba ya cewa ina ya je. Da irin idonsa bai kamata ya riƙa tuƙi ba. Washegari na riga shi sauka, na ce zan raka shi. Bai hana ni ba, ya miƙo mini makulli, ya ce in bi hanyar tsohuwar unguwa.

Ban je ba tun da muka tashi. Fili ne fetal, ƙasa ja-ja da tarin duwatsu nan da can, ana hango gine-ginen da a da ba ma ganinsu. Babu layi, babu kwana, sai sawun manyan motoci. Amma Baba yana cewa yi dama, yi hagu, rage gudu nan akwai rami, kamar gidajen suna tsaye. Ya ce in tsaya. Ya miƙo hannu ta gabana ya danna oda sau biyu.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na san ya rasu, Uwata. Ban haukace ba." Idonsa yana kan filin. "In na kwanta ina jin ana jira na. Mutum ya shirya, ya sa takalmi, yana tsaye a bayan ƙofa. In na zo na danna sai in samu sauƙi."

Muka zauna injin yana aiki. Ban ga komai ba, ba zan ce na gani ba. Amma na tsinci hannuna a kan marfin ƙofa, na ma fara buɗewa, zan fita in koma baya in ba da wuri. Na rufe a hankali. Baba ya gani. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Yalla, mu je."

Na riƙa kai shi duk ranar da ya nema. Ba kullum ba ne. Ya fi nema a farkon wata. Kuɗin fanshon kuwa ya daina taɓawa da hannunsa, ya ba Umma katin ya ce ta yi cefane, kada ta gaya masa.

'Yar Baffa ta ji labari ta ce a tafi da ita. Aikin kula da ɗalibai take yi a wata makarantar 'yan mata, ita ma ana biya mata na rauni kaɗai. Ni kuwa kowane wata ina ganin layin ta'minat a takardar albashina, kuma ba mu taɓa yin maganar ba ni da ita. Ranar da muka je su biyun suka fita daga mota. Baba ya nuna wuri ya ce nan ƙofa take. Ta ce a'a Baba, can gaba ne, nan gidan mai ɗinki ne. Suka yi ta aunawa da wata hasumiyar masallaci da ake hangowa, kowa da nasa. Suna cikin haka wani mai gadi ya taho a mota ya ce an hana shiga wurin, ya nemi katunanmu. Ya duba nawa da na Baba ya miƙo mana nan take. Ya riƙe nata yana juyawa, yana duba ranar ƙarewa.

Baba ya matsa ya tsaya a tsakaninsu. Ya ce, "'Yata ce. A nan aka haife ta. Nan, inda kake tsaye."

Mai gadin ya dubi ƙasa, ya dubi Baba, ya miƙa mata katin ya ce mu yi haƙuri, amma kada mu sake shigowa, za a kewaye wurin.

A hanyar komawa, da muka kusa Waziriyya, 'yar Baffa ta ce, "Baba, yaya sunan ƙauyen ma? Yarana suna tambayata inda kakansu yake."

Baba ya faɗi sunan. Ta ce ta wane gefe maƙabartar take, akwai itatuwa, kusa da ruwa ne? Ya ce bai sani ba. Ya ce shi bai taɓa tsallaka tekun nan ba, ko sau ɗaya. Duk shekarun da Baffa ya yi a can yana cewa zai je, zai je.

An kewaye filin kamar yadda mai gadi ya faɗa, Baba ya daina neman in kai shi. A makon ya ce in cika masa takardar neman fasfo, wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Na kai shi aka ɗauki hoto, mai hoton yana ta cewa ya ɗaga kai. Fasfo ya fito. Ya ce in hanya ta buɗe shi da 'yar Baffa za su tafi su nemi wanda ya san kabarin, ko da mutum ɗaya ne ya rage a garin. Umma ta ce da wannan idon da wannan ƙafar? Ya ce da su.

Har yau hanya ba ta buɗe ba. Da hantsi yakan zauna a bakin taga da rediyo yana bin labarin Sudan, yana tambayata sunayen garuruwan da ake ambata, wanne ne kusa da Gadarif, wanne ne nesa. Ni ma ban sani ba, sai in duba a waya in gaya masa.